Malamin Adabi a Shagon Tela

Yaron da aka kai koyon ɗinki ba ranar da ya zo ake ɗora shi kan keke ba. A shagunan telolin da ke bakin babban titi, tun daga Gidan Rumji, a bi ta gefen Maraɗi, a ratsa Cadawa da Agye har Gazawa, tsarin kusan ɗaya ne. Da fari hura gawayin dutsen guga, sai sharar ƙyallaye, sai aiken sayo zare. In ya daɗe bai gudu ba, a ba shi allura ya riƙa sa maɓalli. Daga nan sai aikin da yara suka fi ƙi, wato warwara. Maigida zai jefo masa rigar da aka kuskure, ko tsohuwar da mai ita ke so a rage, ya miƙa masa reza ya ce, "Kwance min wannan, in kuwa ka yanki yadin, ni da kai ne." Yaro ya koma bakin ƙofa inda haske yake, yana tsinke zare ɗai-ɗai, yana zare guntayen da farce, wani lokaci da haƙori. Shi a ganinsa horo ne kawai. Sai can gaba yake gane cewa a nan ya ga yadda hannu ke shiga kafaɗa, da yadin da ake bari a ciki saboda ranar da mai riga zai yi ƙiba, da dabarar da ake yi wa wuya don kada ya tattare.

Aikin malamin adabi a jami'a ke nan, in aka sauke masa manyan sunayen da ake ɗora masa. Wani ya ɗinka labari, shi kuma a ba shi reza. Ya ware jigo gefe guda, zubi da tsari gefe guda, ya nuna wa ɗalibai inda marubuci ya aro, da inda ya yi faci ya bi da guga don kada a gani. Sana'a ce ta gaske, ba na raina ta. Abin da ke ɗaure min kai shi ne yadda mutum zai shekara 30 yana warwara, bai taɓa jin ƙafarsa na ƙaiƙayin taka keke ba. 'Yan kaɗan ɗin da suka taka kuwa, musamman waɗanda suka zaɓi ɗinka almara, labarin aljanu da dodanni da garuruwan da babu su a taswira, in ka bi aikinsu sai ka tarar idonsu na kan tufa ƙwarai. Ruwa ba ya tsami banza.

A ƙasar Hausa dai malami da riga tsofaffin maƙwabta ne. Dubi babbar riga ta ɗinkin hannu, irin wadda dattawa ke ajiyewa a ƙasan adaka sai ranar idi ko naɗin sarauta. Asaken da ke wajen aljihu, biyu ko takwas, da tambarin ƙirji da na baya, da gidan biyar, kafin allura ta taɓa su sai an zana su a jikin yadin. Mai zanen nan sau da yawa malamin allo ne, da alƙalamin kara da tawadar da yake rubuta wa yara karatu. Hannun da ya saba da zayyanar allon sauka shi ya fi iya jan layin aska ya fita da tsini. David Heathcote, Baturen da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya kuma rubuta kundin digirinsa na uku kan ɗinkin tufafin Hausawa a 1979, ya bibiyi masu wannan zane ya nazarci takardun da suke ajiye samfurinsu. Har gobe gardin da ke tilawa a inuwar masallaci, hula a gwiwa yana soka allura, ba baƙon gani ba ne. Saboda haka in an ce ga shehin malami mai son ado, kakanninmu ba za su ɗaga kai ba. Mu ne boko ya koya wa cewa mai ilimin gaske shi ne wanda bai san launin rigar da ke jikinsa ba.

Wanda ya haɗa ukun nan cif, malantar adabi da ƙagen almara da son sutura, ba a nan kusa yake ba. J. R. R. Tolkien ne, wanda aka haifa a Afirka ta Kudu a 1892, ya mutu a Ingila a 1973. Daga 1925 har ya yi ritaya a 1959 farfesa ne a Jami'ar Oksfod, shekara 20 na farko a kujerar tsohon Ingilishi, irin wanda Baturen yau ba ya ganewa sai an fassara masa. Kafin nan ya yi aiki a babban ƙamus na Oksfod, yana tono asalin kalmomin da suka fara da harafin W. Gwanin warwara ne, wanda ba riga kaɗai ba, zaren ma sai ya murje shi ya ga audugar wace gona aka kaɗa.

A Nuwamban 1936 ya gabatar da wata lacca da har yau ake karantawa, a kan Beowulf, tsohuwar waƙar jarumin da ya kashe dodo, ya kashe uwar dodon, a ƙarshe ya rasa ransa wajen kashe wani maciji mai aman wuta. Ƙorafinsa a kan 'yan'uwansa malamai ne. Sun mai da waƙar wurin tonon tarihi: wane sarki aka ambata, wace ƙabila, wane yaƙi. Dodannin kuwa kunyarsu suke ji, suna ganin shirme ne da bai kamaci babbar waƙa ba. Shi ya ce in ka cire dodannin babu waƙar. A bakin mutanen shago, sun kwance rigar sun jera ƙyallayen a tabarma, sun auna kowanne sun rubuta, sun manta an ɗinka ta ne don wani ya sa ya fita.

Ba a cika shekara ba, a Satumban 1937, sai ga nasa ɗinkin, The Hobbit. Shi da bakinsa ya faɗi cewa jimlar farko ya rubuta ta ne a wata takardar da ɗalibi ya bari fara, yana tsakiyar duba jarrabawa, aikin da yake karɓa don ƙarin kuɗin cefane. Wanda ya san tsofaffin littattafan arewacin Turai zai gane zaren da aka sake amfani da shi. Sunayen wadannin da ke cikin labarin, har da na Gandalf, daga wata tsohuwar waƙar mutanen Aisland ya ɗebo su, satar kofi daga taskar maciji kuma tana cikin Beowulf. Amma yaron da ke karantawa bai san da wannan ba, ba a kuma bukatar ya sani. Ƙulle-ƙullen zaren duk suna ciki, an rufe. Nan ne malamai da dama ke faɗuwa in sun gwada ƙirƙira. Sai su sa wa labarin rigarsa a baibai, kowane babi yana nuna maka yawan littattafan da marubucin ya karanta, kai kuma labari ka zo ji.

Ga kuma tufa. A wata wasiƙa ta 1958 Tolkien ya lissafa abubuwan da ransa ke so, lambu da itatuwa da lofe da abinci marar ƙyale-ƙyale, sai falmaran mai ado, irin wanda sai mai ƙarfin hali ke sawa a zamanin da maza suka daina ƙawa. Wannan son ya bi shi cikin littafi. Bilbo, tauraron labarin, ɗan gajeren magidanci mai son cin abinci a kan lokaci, ya fita tafiyar neman dukiyar maciji a gurguje, ba hula ba hankici, kuma cikin duk abin da ya baro, hankicin na cikin waɗanda suka fara damunsa. Aka ara masa mayafi mai hula wanda ya yi masa yawa. Can cikin kogon dutse, yana gudun wasu miyagun halittu, ya kutsa ta wata ƙofar da ta kusa rufewa, maɓallan tagullar falmaran ɗinsa suka tsintsinke suka watse a ƙasa. Maɓallan nan sun fi takobi aiki a labarin. Babu wanda ya taɓa ganin maciji mai magana kwance a kan zinariya, amma kowa ya taɓa tsinka maɓalli a inda bai so ba, ya ci gaba da tafiya yana riƙe gaban riga da hannu, yana fatan kada ya gamu da surukinsa. Da zarar ka yarda da maɓallin ka riga ka sa ƙafa ɗaya cikin kogon, sauran marubuci zai ja ka. A babban littafin da ya biyo baya, The Lord of the Rings, wanda ya ci masa kusan shekara 12 yana rubutu kafin ya fito a 1954 da 1955, sulken da aka ba Bilbo kyauta ya koma jikin magajinsa Frodo, a ɓoye ƙarƙashin tsofaffin kayansa, shi ya tare masa mashin da zai kashe shi.

A shekarar da Tolkien ke jayayya da 'yan'uwansa kan dodanni, wani malamin makaranta ɗan shekara 25 yana zaune a Zariya yana irin wannan aiki da Hausa. Abubakar Imam ba farfesa ba ne, a lokacin ma babu jami'a ko ɗaya a Nijeriya. Malamin Midil ta Katsina ne, wanda Ruwan Bagaja ya fito da sunansa a gasar da Rupert East ya shirya a 1933. A 1936 aka ɗauko shi ya yi wata 6 a Hukumar Talifi, aka tara masa littattafan Larabawa da na Indiya da na Turawa, ya karanta, ya kwance, ya ɗinka Magana Jari Ce, wanda littafinsa na farko ya fito a 1937, shekara ɗaya da The Hobbit. Masu bincike, ciki har da Farfesa Ibrahim Malumfashi, sun bi sawun labaran sun nuna wanda ya fito daga Dare Dubu da Ɗaya, da wanda ya fito daga tatsuniyoyin Jamus, da asalin akun nan mai baki na littafin a hikayoyin Indiya. Wasu na jin haka sai su ce ashe kwafa ya yi. Ni kuwa sai in dubi shaddar da ke jikin mai maganar. A masaƙar Getzner da ke garin Bludenz na Ostiriya ake saƙa ta, amma ranar ɗaurin aure a Agye ba mai cewa ango ya sa rigar Bature. Imam ya san awon mai karatunsa. Ya naɗa wa sarakunan aro rawani, ya ba su waziri da fadawa da zagage, ya zaunar da su a zaure, har yaron da ya karanta a Katsina ko Maraɗi ya rantse a bayan garinsu abin ya faru.

Malamin jami'ar da ya fi kusa da wannan hanya a cikinmu shi ne marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya na Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya a Jami'ar Bayero ta Kano, wanda Allah ya yi wa rasuwa a 1995. Ɗalibai sun fi saninsa da Hausa a Rubuce na 1988, tarihin rubuce-rubucen Hausa wanda kundayen digiri ba sa gajiya da jingina da shi. Amma tun a farkon shekarun 1970 ya fitar da Daren Sha Biyu, da jerin Tatsuniyoyi da Wasanni mai littafi 6, inda ya ɗauko Gizo da Ƙoƙi da Dodo daga bakin tsofaffi ya zaunar da su a takarda, da Hausar da yaro zai karanta ya ji kamar kakarsa ce ke magana. Aiki ne na tsaka-tsaki, rabi adana tsohuwar riga, rabi sake mata wuya. Kuma duk wanda ya saurari tatsuniya da kunnen tela ya san da tufa ake yanke rabin hukuncinta. 'Yar bora ta fita da tsumma ta komo bisa doki cikin alharini, 'yar mowa ta fita da ado ta komo a wulaƙance. Kyakkyawa ta ɓuya cikin fatar jaki, saurayi cikin ta maciji, sai ranar da fatar ta rabu da jiki ake sanin ko su wane ne. Tsohuwar da ke ba da labarin ba ta tsayawa bayanin halin kowa. Zanen da ta ɗaura wa yarinya ya isa.

To, mu a wannan yanki me muke da shi a adaka? A Janairun 1851 Heinrich Barth, Bajamushen da ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya biyo ayarin gishiri daga Abzin ya sauka a Tasawa, ya wuce Gazawa a kan hanyarsa ta Katsina da Kano. A wannan tsakanin ya gamu da wani ɗan gaye mai doki, wanda ya burge shi har ya ɓata tawada yana lissafa abin da ke jikinsa: riga mai ratsin kore da fari, wandon saƙi mai ɗinkin alharini, jar alkyabba, jar hula da rawani, takobi rataye da hamila mai manyan tuntaye. Dokin ma ba a bar shi a baya ba, ga ƙararrawa ga layu, ga jalala ta ƙananan ƙyallaye launi-launi. Wannan fa a ƙasar da ake kwana da shirin hari, Gazawa tana kewaye da shingen itace da gwalalo, saboda gabar da ke tsakanin Katsinawan Maraɗi da masu riƙe da birnin Katsina a lokacin. Da ya isa Kano ya ƙiyasta cewa tufafin da birnin ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300. Ɗauki mahayin nan yadda yake, ka raɗa masa suna, ka ce ɗaya daga layun da ke wuyan dokin layar zana ce, ka aike shi da dare ya ratsa dajin da ke tsakanin Gazawa da Katsina. Babin farko ya samu, ba ka ari ko zare ɗaya daga Bagadaza ba.

Yamma da Gazawa, a gundumar Gidan Rumji, ga Tsibiri, inda Gobirawa suka kafa sabon zama bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 da yaƙin Gawakuke na 1836. Tarihin gidan nan na mahaya ne, na lifidi da sulke da kwalkwali, na rigar layu da kau-da-bara. Nan ne kuma aka san sarautar Inna, wadda a al'ada ita ce uwar 'yan bori. Ba batun yarda da bori nake yi ba, malamai sun yi bayanin hukuncinsa tun zamanin Shehu. Batun ƙira nake yi. Masu bincike irin su Jacqueline Monfouga-Nicolas, wadda ta buga littafinta kan borin kwarin Maraɗi a 1972, da Fremont Besmer, wanda nasa kan na Kano ya fito a 1983, sun rubuta yadda aka tsara duniyar iskoki: birni mai suna Jangare, da sarkinsa, da gidaje, da auratayya, da gaba tsakanin wannan zuriya da waccan. Kowane iska kuma da kayan sawarsa. Malam Alhaji fararen kaya da carbi da tarin tsufa. Ɗan Galadima rigar ƙawa da turare da kyautar da ba ta san gobe ba. Baƙar Doguwa baƙin zane. Waɗanda suka bayyana da zuwan Nasara kuwa kayan soja, domin ita duniyar ba ta daina karɓar baƙi ba. 'Yan kallo kan san wanda ya sauka tun bai buɗe baki ba. Tolkien ya ƙare rayuwarsa yana ƙaga wa duniyarsa zuriyoyi da harsuna da sarautu, shi kaɗai a ɗaki. Nan ga wata an gama ƙagawa, jama'a ce ta taru ta yi a tsawon ƙarnoni, har da jerin tufafin kowa. Abin da aka fi rubutawa a kanta kuwa warwara ce, da Faransanci ko da Ingilishi.

Masu taka keken suna Kano, kuma ba su jira izinin jami'a ba. Littattafan yaƙi irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini mai Mazan Jiya, da labaran al'ajabi irin na Nazir Adam Salih mai Kibiyar Ajali, sun shigo Nijar ta Jibiya da Ɗan Isa tare da atamfa da takalma. Yanzu an karanta da yawansu an ɗauka a murya, suna yawo a wayoyin samari, mai kai aya kasuwa yana saurare, mai shayi yana saurare. Da yawa cikin irin waɗannan littattafai ɗinkin jajibirin salla ne, da sauri kuma da yawa, wani hannun ya fi wani tsawo, a ce mu haɗu a littafi na biyu kamar yadda tela ke cewa dawo gobe da magariba. Amma ana sawa, kuma ba kowane kundin digiri za a faɗa wa haka ba. Da aka yi ta muhawara a jaridu a shekarun 1990 kan abin da aka laƙaba wa suna adabin kasuwar Kano, hankali ya fi karkata ga littattafan soyayya, na yaƙi suka ci gaba da cin kasuwarsu a gefe.

Ƙorafina da littattafan yaƙin nan ɗaya ne. Jarumin yana Misra ko Bagadaza ko birnin Sin, sunansa na can, bokansa na can, in an zo tufa sai a ce ya yi shigar yaƙi mai kwarjini a wuce. Gimbiya ta caɓa ado da lu'ulu'u, shi ke nan. Ba ka jin nauyin komai a kafaɗarka. Alhali lifidi auduga ce aka cusa aka tsaga da ɗinki, mai shi da dokinsa suna dahuwa a ciki in rana ta take, kuma kibiyar wuta ce babbar abokiyar gabarsa. Rawani ɗan kura, wanda aka buga da shuni har yana ƙyalli, in mutum ya yi gumi sai ya bar masa baƙi-baƙi a goshi da wuya, ya wuni da shaidar cewa shi mai hali ne. Warki in ya sha ruwa ya bushe sandarewa yake yi sai an murza. Marubucin da ya san waɗannan zai iya sa a gane ɓarawon da ya yi shigar talaka ta shunin da ya manta bai wanke a bayan kunnensa ba. Irin wannan sanin yana wajen mai warwara, wanda ya karanta Barth ya zauna da tsofaffin fada. Marubucin kasuwa, da mai bugawa ke tsaye a kansa, ba shi da sukunin nemo shi.

Wata daga nesa ta hango abin. Nnedi Okorafor, 'yar Ibo haifaffiyar Amurka a 1974, mai digiri na uku a fannin Ingilishi, ta koyar a Jami'ar Jihar Shikago da ta Buffalo. A 2011 littafinta Who Fears Death ya ci babbar kyautar almara ta duniya. Amma kafin shi, a 2007, ta fitar da The Shadow Speaker, wanda ta kafa a Nijar ta shekarar 2070, bayan wani bala'i ya sauya duniya sihiri ya dawo. Akwai yarinya Ejii mai jin maganar inuwa, da raƙumi mai magana, da tafiyar hamada, da wata sarauniya mai suna Jaa wadda ake ganewa da ja da takobi, ita ce ta sare kan uban yarinyar, shugaban da ya takura wa matan garinsa. An sake buga littafin a 2023. Ɗan ƙasa in ya karanta zai ji wuraren da awon ya ɗan zame, irin rigar da aka ɗinka daga hoto ba a ga mai ita ba. Ba laifinta ba ne, ta yi abin da idonta ya kai. Ta dai nuna cewa akwai masu sayen almarar da aka yanka daga yadin Nijar, har a ƙasashen da ba su san inda Nijar take ba.

Me ke hana namu? Wani ɓangaren lissafi ne. Malamin jami'a a Yamai ko Damagaram ko Maraɗi, ƙarin girmansa yana bi ta hukumar CAMES mai mazauni a Wagadugu, kuma maƙalun bincike ake dubawa. Labarin aljani ba ya ƙara wa mutum matsayi, ga ɗalibai cike da aji, ga kundaye jibge suna jiran gyara. Wani ɓangaren kunya ce. Mutumin da ake ce wa Dakta ya fito da littafin da dodo ke magana a ciki, abokan aiki su haɗa ido su yi murmushi. Tolkien ma an yi masa gunagunin cewa ya bar aikin da aka ɗauke shi dominsa ya koma tatsuniya. Abin dariyar shi ne, wannan Daktan da ke jin kunyar dodo shi ne zai tsaya a kan tela sa'a guda suna musu kan tsawon linzami da launin zaren da za a yi wa rigar da zai sa ranar kare kundin ɗalibinsa, ya ɗaga yadi ya duba a rana, ya ce a'a, wannan ruwan ƙasar ya yi duhu. Idon yana nan.

André Salifou, ɗan Damagaram da aka haifa a 1942 ya rasu a 2022, ya nuna ana iya haɗa reza da keke. Masanin tarihi ne. A 1971 ya buga bincikensa kan daular Damagaram a ƙarni na 19, a 1973 kuma ya ɗauko Sarki Tanimun daga cikin binciken ya mai da shi wasan kwaikwayo. Hakan bai rage masa ƙima ba, shi ya shugabanci taron ƙasa na 1991, yau kuma jami'ar Damagaram sunansa take amsawa. Boubou Hama ma, malamin makarantar da ya shugabanci majalisar dokoki har zuwa juyin mulkin 1974, ya rubuta labaran da aljanun ƙasar Sonrai ke kai-komo a cikinsu. Sai dai dukansu biyu da Faransanci suka yi ɗinkin, saurayin da ke tsaron shago a Cadawa kuwa Hausa ce a kunnensa da wayarsa. Shi har yanzu jaruminsa a birnin Misra yake.